Godiya ga wani dattijo da uwargidansa a hanyar M6

Yaba kyauta tukuici. Ba ni da abin da zan biya waɗannan bayin Allah da shi, shi ya sa na kawo godiyata gaban jama'a.

Wani abokin aikina a nan Ingila ne ya ara mini karabansa, ɗakin tafi-da-gidanka da ake ja da mota, don in kai iyali hutu yankin tafkin Windermere. Muna kan M6 da yammacin Lahadi, ana yayyafi, sai wani direban tirela ya dinga danna mini hon yana nuna bayana. Na ratse wurin hutawar matafiya na duba. In na sa siginar hagu, sai duk fitilun baya su kama ƙyaftawa tare, dishi-dishi. Na canza kwan fitila, na duba fis, lafiya lau. Gareji duk a rufe, ga duhu na shigowa, kuma ba mai hankalin da zai ja ɗaki guda a babbar hanya na baya bai san inda zai karkata ba.

Ina tsaye jugum sai ga wani dattijo Bature ya fito daga nasa karaban. Ashe tsohon ma'aikacin lantarki ne. Bai ko kalli fitilun ba, filogin da ke haɗa mota da karaban ya zare. Tsohon yayi ne mai ƙafa 7, ba mai 13 na yanzu ba. Ya nuna mini: rawayar waya ta siginar hagu ce, koriya ta dama, fara kuwa ita ke mayar da wuta, kuma ita ce ta yi sako-sako, ƙafarta ta yi tsatsa. Da wuta ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta sauran fitilun. Ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar kwalta, da gwiwar da na ga yana ɗingisa ta, ya goge ƙafafun da samfefa, ya ɗan buɗa tsagarsu da ƙaramar wuƙa, ya ɗaure wayar, ya shafa basilin. Na ce, "Baba, tashi in yi." Ya ce ni dai in riƙe tocilan. Wallahi kunya ta kama ni.

Uwargidansa kuwa tuni ta shigar da maiɗakina da yara daga sanyi, ta haɗa musu shayi. Kafin ta miƙa wa yara alewa sai da ta sa tabarau ta karanta bayan ledar, ko akwai abin alade a ciki. Ba mu roƙa ba. Da ta ga na shimfiɗa darduma zan yi Magariba, ta janye karensu ta rufe a mota.

Na fito da kuɗi, dattijon ya ɓata rai kamar na zage shi. Maimakon ya karɓa, shi ya ƙara mini da kwan fitila mai wat 21 da 'yar sukudirebarsa. Sannan suka biyo mu a baya har mahaɗa ta 36, inda za mu sauka, don ya tabbatar siginar na aiki. Muka isa lafiya, yara suka sha hutunsu, na mayar wa mai kaya kayansa ya fi yadda ya ba ni.

Na gode, Baba, na gode, Mama. Direban tirelar nan ma da ban ga fuskarsa sosai ba, na gode. Jama'a ku taya ni roƙa musu: Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya, Ya ba wannan gwiwa sauƙi.