BAYAN A-KORI-KURA NA KAYA NE

Akwai maganar da aka saba yankewa a zaure ko a majalisar ƙofar gida, mu dai sai mu ji ham a waje, yara su rugo da gudu suna cewa Baba ya sayo mota. To ni a ganina sayen motar iyali bai kamata ya wuce ba a ji ta bakin matar gida ba, domin ita ta san yawan kawunan da za a ɗauka, ita ce kuma mai riƙon jariri a cinya in an faɗa rami. Balle in motar a-kori-kura ce, wadda maza ke mutuwar so saboda zuwa gona da ƙauye da yawon buɗe ido.

Ba ƙin ta nake yi ba. Tun muna yara mun san Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, ta kamfanin nan na Kaduna da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Ita ke kai amarya da jerenta, ita ke kawo buhunan gero daga ƙauye. Yanzu kuwa Toyota Hilux ce ke tashe, wadda aka fara ƙerawa a Japan tun 1968. Tana da tsawo daga ƙasa, saboda haka cikinta ba ya gugar kunya ko dutse. Akwai kuma mai jan ƙafa huɗu, wadda in an sa mata giyar ƙarfi duk tayoyin ke aiki, ta fita daga yashi da taɓon da zai riƙe ƙaramar mota har dare. Duk wadda ta taɓa zuwa garin miji da damina, inda kwalta ta ƙare, ta san darajar wannan.

Amma kafin komai, 'yar uwa, ki ƙirga kujeru. Mai ƙofa biyu ta direba ce da mutum ɗaya ko biyu. Mai ƙofa huɗu kuwa mutum biyar take ɗauka har da direba, ba ƙari. A gidanmu mu biyu ne, ni da abokiyar zamana, yara bakwai, ga Inna mahaifiyar maigida. Ranar da ya zo mana da maganar zai sayi Hilux ta hannu don gona, kuma in an yi hutu ya kai mu Yankari mu kwana biyu, sai na ce, "Maigida, Allah ya sanya alheri, amma mu goma sha ɗaya ne, ina sauran shidan za su zauna?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Uwargida, ga fili a baya kamar tsakar gida? A shimfiɗa katifa, yara ai murna za su yi." Abokiyar zamana ta dube ni, na dube ta. Ranar dai bakinmu ya zo ɗaya, don ba wadda take da ɗan da za ta bayar.

Ga dalilinmu. Bayan a-kori-kura an yi shi ne don buhu, shi ya sa sifirin ɗin baya yake da tauri, don ya ɗauki nauyin da ya kai kusan tan guda. In babu nauyi sai motar ta riƙa tsalle, yaro mara nauyi kuwa rami ɗaya ya isa ya cilla shi sama. Ba kujera, ba bel, ba abin riƙewa sai gefen ƙarfe. In aka taka birki da ƙarfi ko motar ta kife, na baya su ne farkon zubewa. Tun 2003 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel a Najeriya. To in babba da ke zaune cikin mota yana bukatar ɗauri, ina ga yaro a fili? Wasu kan ce a rufe bayan da rumfa ko tamfol. Rumfa tana tare rana da ƙura, amma ba ta tare faɗuwa, kuma hayaƙin salansa kan taru a ciki, irin wanda ke sa yaro barci, a zaci gajiya ce alhali guba yake shaƙa.

Na biyu, ki tambayi abin da za ta ci. Sayen doki ba wuya, harawa ce aiki. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda mai ya koma, kuma mai jan ƙafa huɗu ta fi ƙaramar mota sha. Mai amfani da gas takan fi tattalin mai da ƙarfin ja, sai dai gyaran injinta ya fi tsada. In maigida bai yi lissafi ba, daga kuɗin cefane za a cike giɓin, ke ce kuma za ki ji a tukunya. Ki sa shi ya tambaya ko ana samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko kuma bakaniken ƙauye zai iya taɓa ta in ta tsaya a daji. In ta hannu ce, a tafi da bakanike amintacce ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa da walda, ya gwada giyar ƙarfin a kan yashi. Fenti ba ya ja mota, araha kuma ba ta ado.

Na uku, ina za a je, a ina za a kwana? Kwanan tanti a tsakiyar daji abin sha'awa ne a hoto, amma da halin tsaron da ake ciki a dazuzzuka da yawa na Arewa, mai iyali ba ya gwada shi. Yankari da ke jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa baƙi a 1962, tana da ɗakunan kwana a sansanin Wikki, sama da kilomita 40 daga babbar ƙofa. Ga ruwan ɗumi mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, zafinsa wajen digiri 31 rani da damina, yara su yi ta wanka. Da rani aka fi ganin namun daji, lokacin da ciyawa ta bushe suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Sai dai ki rufe kayan abincinki da kyau, don gwaggon biri na wurin ba shi da kunya, buɗaɗɗen bayan mota kuwa a wurinsa kanti ne.

Mu dai ga yadda muka ƙare. Maigida ya sayi mai ƙofa huɗu, tunda gona na bukatarta, bisa sharaɗin ba ɗan Adam a baya. In tafiya ta taso, ita ke ɗaukar katifu da tukwane da jarkokin ruwa da mutum biyar, sauran a ɗaukar musu shatar mota. In ƙauye ne, shata ta tsaya inda kwalta ta ƙare, a-kori-kura ta yi sawu biyu. Kuɗin shata yana da zafi, amma bai kai na ɗori ba.

Saboda haka in maigidanki ya fara zancen mota, kada ki ce ba huruminki ba ne. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki kawo maganar cikin ladabi, ki lissafa masa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ki tambaye shi kujerar kowa. Allah ya kiyaye hanya, ya raya mana zuri'a.