Yadda Ciyawa Ta Koya Mini Haƙuri

Ni ɗan ƙauye ne, na yi kiwo, na sha yankar wa tumakin gidanmu ciyawa, don haka ban taɓa zaton ciyawa za ta kayar da ni ba. Sai da na tafi karatu Ingila. Watan Yuni na kamawa, daidai lokacin jarrabawa, sai atishawa ta sa ni gaba, idanu su yi jawur, hanci ya yi ta zuba. Na ɗauka mura ce. Likita ya ce a'a, garin furen ciyawa ne da iska ke kwasowa, jikina ya ɗauke shi abokin gaba yana ta yaƙarsa ba gaira ba dalili.

Ya ce akwai maganin da ke kwantar da atishawa na yini guda, akwai kuma wanda ke koya wa jiki ya daina faɗan. Wannan na biyu wani likita Leonard Noon ya fara shi a Landan cikin 1911, watau a riƙa yi wa mutum allurar garin furen kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa, har jiki ya saba. Cikin 1999 Stephen Durham da abokan aikinsa suka nuna cewa wanda ya yi shekara uku zuwa huɗu yana karɓa, sauƙin kan ɗore shekara uku bayan ya bari. Daga 2006 kuma aka sami ƙwaya wadda a ke sa wa ƙarƙashin harshe kullum.

Ita aka ba ni, aka ce shekara uku cur. Da fari baki ya yi ta ƙaiƙayi, daga baya ya lafa. Da Yuni na biyu ya wuce lafiya lau, sai na ce ai na warke, na watsar. Ashe da sauran rina a kaba! Shekara ta zagayo, na rubuta jarrabawar ƙarshe ina share hawaye da majina, da ƙyar na sha. Daga baya na ga binciken da aka buga cikin 2017, wanda ya nuna shekara biyu ba ta isa sauƙin ya ɗore ba.

Na koma wurin likita da kunya, muka sake lale daga farko. To, 'yan'uwa ɗalibai, in an ce muku uku, kada ku tsaya a biyu don kun ji dama-dama. Ni dai gajen haƙuri ya mai da mini shekara uku ta zama biyar.