Gini da tsarin gari: magana ce ta kowa



Kowa cikinmu ya san lokacin shibka. Manomi ya san ƙasar da gero yake so da wadda dawa take so. Makiyayi ya san burtali, ya san rijiyar da ba ta ƙafewa. Amma in aka zo maganar ɗakin da muke kwana ciki da garin da muke zaune, sai mu ce wannan aikin magina ne, ko na mutanen birni masu takarda. To in ɗaki ya faɗi, kan wa yake faɗuwa? In ruwa ya ci unguwa, hatsin wa yake jiƙewa? Namu ne. Don haka maganar tamu ce.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Gidimuni. Karatuna bai wuce ƙaramar lakkwal ba. Ina so in ba ku labarin waɗansu ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba riba suke nema ba. Aikinsu shi ne buɗe idon jama'a kan gini da tsarin gari. Abin da ya burge ni gare su shi ne hanyar da suke bi su fahimtar da mutane, don ni ma fahimtarwa ce sana'ata.

Mu fara da matsalar da kowa ya sani, wato azara. Kakanninmu da giginya da goriba suke rufin soro. Iccensu yana da ƙwari, gara ba ta cinsa da sauri. Ɗakin mahaifina da irin wannan azara aka rufe shi, har yau yana tsaye. Yanzu mutane sun yi yawa, itatuwan sun ragu. Giginya kuwa tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Sai mai gida ya koma ga icce maras ƙwari, bayan ƴan shekaru gara ta cinye, rufi ya lotsa. Mai ɗan hali ya sayi kwano. Kwano da bazara tanda ne, da ɗari ƙanƙara, in iskar farkon damina ta taso kuma sai a tsince shi cikin gonar wani. Duk da haka muna ganin ɗakin ƙasa alamar talauci ne, kwano da siminti alamar ci gaba. Wannan tunani shi ne babbar katangar da ƙungiyoyin nan suke fama da ita.

A shekara ta 1980 wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta zo Cikal, cikin ƙasar Filinge. Mutanenta masu zanen gini ne. Sun kawo wata dabara ta rufin ɗaki ba tare da icce ko ɗaya ba. Dabarar tsohuwa ce, daga ƙasar Nubiya take, can bakin kogin Nilu, kudancin Masar. Wani mai zanen gini na Masar, Hasan Fathi, shi ya sake fito da ita duniya ta sani.

Ga yadda ake yi. Ana buga ƙananan tubala na ƙasa, a shanya su a rana. In ɗakin dogo ne, sai a jera su kamar baka, kowane layi ya jingina ga na bayansa, na farko kuma ya jingina ga bangon ƙarshe. In tulluwa ake so, sai a kafa sanda a tsakiyar ɗaki, a ɗaura mata wata mai juyawa, ita ce take nuna wa magini inda kowane tubali zai zauna. Haka za a yi ta zagayawa har baki ya rufe. Wanda ya taɓa zuwa Adar ya ga rufewar hatsi ta ƙasa, ya san ƙasa tana iya riƙe kanta. Bakan gizo da tulluwar da maginanmu suke yi tun dā akwai azara cikinsu. Wannan kuwa ƙasa ce zalla.

To yaya za ka sa mutum ya yarda ya kwana da iyalinsa ƙarƙashin tubalin da babu icce a ƙasansa? Da baki ba ya yiwuwa. Shi ya sa a Cikal suka fara da ɗakin jama'a, ɗakin karatun manya, irin wanda nake aiki ciki. Kowa yana iya shiga, ya ɗaga kai ya duba, ya taɓa bango, ya ji sanyin ɗaki da tsakar rana. Mai shakka ya jira damina ta wuce, ya dawo ya tarar da gini yana nan. Gani ya kori ji. Wannan ita ce hanya ta farko.

Hanya ta biyu ita ce koyar da maginan ƙauye. Baƙo zai tafi, magini ɗan gari yana nan. In ya koya, ya koma garinsu, kowane ɗaki da ya gina ya zama shela. Makwabci ya gani ya tambayi kuɗin aiki, ya lissafa da kuɗin azara ko na kwano. Ta haka dabarar ta kai Ifarwan cikin duwatsun Abzin, ta shiga wurare da dama na Nijar, ta kai Mali da Burkina Faso. A 1998 aikin ya samu wata babbar kyauta ta duniya da ake bayarwa kan gidajen zama.

Sai dai in gaya muku gaskiya, wannan gini yana da sharaɗi. Yana son tushe mai kyau da bango mai kauri, don nauyin rufi bango yake turawa. Yana son indararo mai fitar da ruwa nesa, da yaɓe kafin kowace damina. Yana son maginin da ya koya sosai, banda mai kwaikwayo da ido. Ba a yinsa a wuri mai damshi kamar bakin tabkinmu. Wanda ya ce muku ɗakin ƙasa ba ya son kulawa, ya ruɗe ku.

Hanya ta uku ita ce girmama aikin gida. A garin Yama, cikin jahar Tawa, akwai wani magini kuma manomi kamarmu, Falke Barmu. A 1962 mutanen gari suka sa shi ya gina musu masallacin Juma'a. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani icce. Daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu, kowace da kamarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake bayarwa shekara uku uku ga gine-gine mafi kyau na ƙasashen musulmi. Hotonsa ya shiga littattafai a ƙasashe da yawa. Ku duba amfanin wannan. Yaron da ya ji an yabi maginin ƙauye a duniya ba zai ƙara jin kunyar kwaɓa ƙasa ba. Mai gida kuma zai yi tunani kafin ya rushe soron kakansa.

Hanya ta huɗu ita ce zama da mutane a saurare su. A Dandaji, nan ma jahar Tawa, tsohon masallacin ƙasa ya lalace, jama'a suna son sabo babba. Wata ƴar Nijar mai zanen gini, Mariam Isufu Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka yi shawara da mutanen gari. Aka gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin littattafai da karatu. Aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Maginan yankin suka yi aikin, aka gama a 2018. Tsohon gini bai salwanta ba, yara da mata kuma sun samu wurin karatu.

Mu ma nan Damagaram muna da abin nunawa. Wanda ya shiga Birni ya ga fadar Sarki, ya ga zaurukan da aka yi wa zane a fuska, da zankwaye bisa kansu, ya ga sauran ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita. Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, kafin a koma Yamai. A 2006 Nijar ta sa Birni da fada cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Tsohon garin Agadas, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, ya samu shiga a 2013. Amma rubuta suna a takarda ba ya tare ruwa. Cikin watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150. A wannan damina fiye da mutum miliyan ɗaya ambaliya ta shafa a Nijar. Ranar da labarin ya iso Gidimuni, tsofaffi da yawa sun yi jugum kamar an yi musu rasuwa.

Wannan ya kawo ni ga tsarin gari. Ɗaki mai kyau in an gina shi a kan hanyar ruwa, aikin banza ne. Tsarin gari shi ne sanin inda za a yi gida, inda za a bar hanya, inda ruwa zai bi, inda dabbobi za su wuce, inda kasuwa da makabarta da lakkwal za su zauna. A birni ma'aikata ne suke zana wannan a takarda. A ƙauye da yawa babu mai zanawa, kowa yana kafa darni inda ya ga dama.

Bara, bayan girbi, na ɗauki dabarar ƙungiyoyin nan na gwada a ajinmu. Muka fita fili, muka share ƙasa. Na ce mu zana unguwarmu. Aka sa dutse a matsayin masallaci, kara a matsayin hanya, toka a matsayin inda ruwa yake bi. Waɗanda suka iya rubutu suka rubuta sunayen wurare a ƴan takardu muka ɗora. Da farko dariya ake yi. Can sai wani dattijo ya karɓi toka, ya ja layi daga tudu har bakin tabki, ya ce tun yana yaro nan ruwa yake bi in an yi mamako. Muka duba, sai ga gidaje uku a kan layin. Biyu daga ciki katangarsu ta faɗi a daminar da ta wuce, masu su kuma suna ta zargin magini. Aka yi shiru.

Daga nan baki ya buɗe. Wata mata ta nuna lungun da amalanke ba ya shiga. Ta ce ranar da ƴarta take naƙuda, a hannu aka ɗauko ta har bakin hanya. Wani makiyayi ya nuna inda burtali ya tsuke saboda sababbin gidaje, ya ce daga nan rigima take tashi kowace shekara. Wani ya nuna kududdufin da ake ɗibar ƙasa, wanda yake ta matsowa gindin katangar mutane, sauro kuma ya samu gida. Duk wannan ilimi yana cikin kawunanmu tun tuni. Kowa da ɗan guntunsa. Sai da aka zana a ƙasa aka haɗa, sannan muka ga garin gaba ɗaya.

Mutanen Gidimuni, mu ne ya fi kamata mu kula. Tabkinmu shi ne arzikinmu: dabino, rake, kayan lambu, kifi, ruwan dabbobi. A 2019 an sa shi cikin jerin wurare masu ruwa da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, wanda ake kira Ramsar. Kowace goriba da aka sare don rufi, rairayi ya samu ƙofa zuwa tabki. Kowace shara da aka zuba a hanyar ruwa, can za ta ƙare. Ashe rufin ɗaki da lafiyar lambu igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ga abin da nake roƙo. Kafin mutum ya sa tushe, ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake bi. In ana raba filayen gida, a bar hanyar da amalanke biyu za su wuce juna, a bar burtali yadda yake. Mai gari da masu unguwanni su ware wuri ɗaya na ɗibar ƙasa, nesa da gidaje. Kowane mai gida ya yi yaɓe, ya share indararo kafin hadarin farko. Samarin da suke son sana'a su nemi maginan da suka iya gini ba da icce ba, su koya. Malamai ƴan uwana, ku gwada zanen gari a santocinku. Dutse da kara da toka kawai yake ci. In kun gama, ku kwafe shi a takarda, ku kai ɗaya wurin mai gari, ɗaya ofishin komin.

In wata ƙungiya ta zo garinku da maganar gini, ku tarbe ta, amma ku tambaya. Ku ce a nuna muku ɗakin da ya ga damina. Ku ce a koya wa ɗan gari. Ku ce a zauna da mata da makiyaya kafin a ja layi. Ƙungiyar kirki ba za ta ƙi ba, don haka na kirki suke aiki. In kuma babu wadda ta zo, kada mu zauna jira. Tun ran gini, ran zane.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu. Amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Gidimuni, jahar Damagaram.