Yawon Shan Iska A Kan Tsohuwar Hanyar Ruwa Ta Croton

Zuwa ga iyayenmu dattawan zango, da Alhazai da Hajiyoyi 'yan kasuwa mazauna Bronx. Mun lura da yawa daga cikinmu ba su da wata tafiya sai daga ɗaki zuwa kanti, daga kanti zuwa masallaci, ga hawan jini da ciwon sukari suna ta kwantar da manya. Saboda haka muke son mu ba ku labarin wata hanya da muka yi shekara guda muna bi tare da almajiranmu.

Asalin hanyar nan magudanar ruwa ce. A 1832 annobar kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a birnin Niyok, a 1835 kuma gobara ta cinye ɗaruruwan gidaje, ba ruwan kashewa. Sai hukuma ta sa aka gina rami na tubali, tsawonsa mil 41, daga kogin Croton har cikin birni. Aka fara a 1837, ruwa ya iso a 1842. Ba inji, gangara kaɗai ke kawo shi, wajen inci 13 a kowane mil. Doguwar gadar nan ta High Bridge, wadda unguwar Highbridge ta ci sunanta, domin wannan ruwa aka gina ta, aka gama a 1848. Da birni ya daina shan ruwan, gwamnatin jihar ta sayi mil 26 na hanyar a 1968, daga Yonkers zuwa madatsar Croton, ta bar wa jama'a. Watau a bisa rufin ramin ake tafiya, shi ya sa ba hawa ba sauka, ko tsoho mai sanda ya iya bi.

Mun fara a watan Afrilu. Muka shiga jirgin ƙasa muka sauka a Dobbs Ferry, muka hau tudu mai ɗan wuya, sai ga hanya a shimfiɗe. Itatuwan da muka ɗauka sun mutu duk sun tofo, amma ƙasa akwai taɓo, wanda ya sa silifa ya yi nadama. Nan da can akwai hasumiyoyin dutse da aka gina don iska ta shiga ramin, yara suka yi ta ƙirga su.

Da zafi ya shigo, watan Yuni, hanya ta zama kamar rumfa saboda inuwa. Ga masu gudu, ga masu keke, ga mata da kekunan jarirai, kowa ya riƙe damansa ba rigima. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8:30, ko mai kanti ya samu lokaci bayan La'asar. Amma fa a yi hankali da kaska cikin ciyawa, domin tana kawo cutar da ake kira Lyme. A sa dogon wando, in an koma gida a duba jikin yara.

Lokacin da ya fi ba mu sha'awa shi ne kaka, watan Oktoba. Ganye ya rikiɗe ja da rawaya kamar an tsoma shi a marina, sa'an nan ya zube, har a hangi kogin Hudson ta tsakanin rassa. Kurege kuwa sai ɓoye abinci yake yi, ya fi wani ɗan Adam tanadi.

Ko da hunturu ba mu fasa ba. A Janairu mun tarar dusar ƙanƙara ta rufe hanya, waɗansu mutane sun ɗaura dogayen katako a ƙafa suna zamiya, har da masu furfura. Abin ya ba mu kunya ƙwarai, ganin sa'o'inmu suna waje mu kuwa muna gida jikin na'urar ɗumama ɗaki. Sai dai a fita da hantsi, domin Magariba tana yi tun kafin ƙarfe 5, kuma da faɗuwar rana ake rufe wurin.

To, iyayenmu, ba a biyan ko kwabo. A ɗauki ruwa da darduma, a haɗu biyu-biyu ko uku-uku ran Lahadi, a fara da mil ɗaya. Mai ciwo ya nemi shawarar likitansa tukuna. Allah ya ƙara mana lafiya, amin. Wasalam.