Quartzsite: zangon masu gudun ɗari a hamadar Arizona

A yammacin jihar Arizona ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 200 daga birnin Phoenix, kuma kilomita 30 kafin a ƙetare kogin Kolorado a shiga Kalifoniya, akwai wani ɗan gari da ake kira Quartzsite. Wanda ya ratsa shi cikin watan Yuli ba zai so ya fito daga motarsa ba, don zafi yakan haura digiri 43, shaguna da yawa suna rufe, ko kare ba ya gilmawa a titi. Ƙidayar shekarar 2020 ta ba garin mutum 2,400 da ƴan kai. Amma da zarar Nuwamba ta kama, sai baƙi su fara kwararowa daga arewa, kafin Janairu kuwa dajin da ke kewaye da garin ya yi fari fat da motoci, dubun dubatarsu, har iyakar ganin ido.

Waɗannan baƙi ana yi musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, don kamar shamuwa suke, lokaci ne ke kawo su, lokaci ne ke mayar da su. Galibinsu tsofaffi ne masu ritaya daga jihohin arewa da ƙasar Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ƙofar gida wata huɗu ko biyar. Motocinsu kuwa gidaje ne a kan taya: akwai gado da madafa da makewayi, da tankin ruwa da tukunyar gas. Waɗansu girman babbar bas gare su, waɗansu tirela ce da kat-kat ke ja, kuma sau da yawa bayan tirelar akwai ɗaki mai ƙofa kamar gareji, inda ake ɗauko ƙaramar motar daji mai manyan tayu ko babur mai ƙafa huɗu.

Abu biyu ke kawo su nan. Na farko yanayi: a Janairu rana takan kai digiri 18 zuwa 20, dare ya sauko wajen 5, ruwan sama kuma wajen milimita 100 ne kawai a shekara. Na biyu fili. Mafi yawan dajin mallakar gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin hukumar kula da filaye da ake kira BLM, wadda aka kafa a 1946, take kuma riƙe da kusan hekta miliyan 100, yawancinsu a yammacin ƙasar. A irin wannan fili kowa na iya sauka ya yi zango ba tare da ya biya ko sisi ba, sai dai babu famfo, babu lantarki, babu mai kwashe shara. Abin da mutum ya zo da shi, da shi zai rayu, kuma da shi zai koma.

Sai dai kyautar tana da iyaka. Doka ta ce kwana 14 cikin kowane kwana 28. Idan suka cika, sai mutum ya kwashe komatsansa ya matsa aƙalla kilomita 40. Kewaye da garin akwai filaye biyar na irin wannan zama: Plomosa da Hi Jolly a arewa, Dome Rock a yamma, Scaddan a gabas, Road Runner a kudu. Wanda ba ya son tashi duk mako biyu sai ya nufi La Posa, wani fili mai kimanin hekta 4,600 a kudancin garin, da aka keɓe tun 1983 domin masu dogon zama. A nan ana yankan takardar izini da ke aiki daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A shekarar 2023 kuɗinta dalar Amurka 180 ne, wato wajen sefa dubu 110, na wata bakwai cur, tare da famfon ruwa, da wurin zubar da shara, da ramin juye ƙazantar makewayi. A babban birni wannan kuɗi ko hayar ɗaki ta mako ɗaya ba zai biya ba.

Samun fili ba shi ne samun wurin kwana ba. Sabon zuwa yakan hango inuwa a gindin itatuwa ya nufe ta, bai san cewa a wannan daji itace ba ya yin layi sai a bakin ƙorama ba. Ƙoramar busasshiya ce, amma cikinta rairayi ne mai laushi da ke haɗiye tayar mota mai nauyin tan goma, kuma in aka yi ruwa a kan duwatsu can nesa, ambaliya tana iya isowa alhali ko ɗigo bai sauka a zangon ba. Shi ya sa tsofaffin hannu suke neman fako, wato tudu mai tauri da baƙar tsakuwa ta lulluɓe. A nan ne ƙaramar motar daji take biyan kuɗinta: sai a bar babbar a bakin kwalta, a shiga da ƙaramar a duba hanya, a ga ko akwai gangaren da zai kama gindin tirela, a ga ko akwai sararin juyawa, don hanyar da ta ƙare ba mafita masifa ce ga mai jan abu mai tsawon mita goma sha biyu. Kuma ba a isa zango da dare. Da na gaba ake gane zurfin ruwa: inda aka ga tsohuwar da'irar duwatsu ta murhu, wani ya taɓa kwana ya tashi lafiya, hukuma ma ta fi son a sauka a irin wannan wuri maimakon a buɗe sabo.

Bayan ƙasa sai iyaka. Dajin yana kama da marar mai shi, amma kowane taƙi da ubangijinsa. Wani yanki na jihar Arizona ne, sai da takarda dabam. Ta wajen kogi akwai ƙasar ƙabilun Indiyawan asali. A kudu kuma akwai babban filin gwajin makamai na sojan Yuma, inda shiga laifi ne kuma ganganci ne. Ba koyaushe ake samun shinge ko allo ba, saboda haka masu zango sun dogara ga taswirar wayar hannu da ke nuna mai kowane fili da launi dabam. Akwai kuma dokar jihar da ta hana a yi zango cikin mita 400 daga mashaya in hakan zai hana dabbobin daji ko na kiwo zuwa shan ruwa.

Da an sauka, lissafin kwanaki ya koma hannun ruwa. Hasken rana yana ba da lantarki ta faifan da ke kan rufin mota, gas yana daɗewa, amma tanki in ya ƙare ya ƙare, na ƙazanta kuma in ya cika ba a juye shi a daji. Don haka wanka yakan zama na kofi, kwano a goge shi da takarda kafin a ɗauraye. Mata da miji masu tattali sukan kai kwana goma ko mako biyu kafin su koma gari. Daga wannan buƙata kasuwa ta tashi: masu sayar da ruwa da gas, masu wanki, masu gyaran taya da batir. Tun 1967 ake yin baje kolin duwatsu masu daraja a garin, a Janairu kuma ana kafa wata ƙatuwar rumfa ta kayan motocin zango, kewaye da ita ƴan tebur da ƴan gwanjo. Ɗan kasuwar Quartzsite cikin wata uku yake neman abincin shekara.

Masu motocin daji kuwa tsaunuka ne ke kiransu. Tsofaffin hanyoyin masu haƙar zinariya sun ratsa duwatsun Plomosa da na Dome Rock, akwai kuma wata doguwar hanya mai fiye da kilomita 1,000 da ta kewaye yammacin jihar, daga Yuma a kudu har wajen Kingman a arewa, ta biyo ta garin. A kudu maso gabas akwai gandun dajin Kofa, da aka keɓe a 1939 domin kare tumakin dutse masu manyan ƙahoni, inda dole mota ta tsaya kan hanyar da aka shata. Dalilin tsananin a bayyane yake. Fatar wannan ƙasa ba ta warkewa da wuri: tsakanin 1942 da 1944 sojan Amurka sun yi atisaye a hamadar Arizona da Kalifoniya, a sansanonin da Janar Patton ya fara kafawa, kuma sawun tankokinsu yana nan bayan shekara 80. Direba ɗaya ya kauce hanya, na biyu ya bi sawunsa, shi ke nan sabuwar hanya ta fito, ƙura ta tashi, hukuma ta samu hujjar rufe wurin ga kowa. Tsakanin mai neman shiru da mai son rugugin inji ma ba a rasa ƴar tsama, shi ya sa masu ƙananan motoci sukan haɗa zangonsu gefe guda, kusa da bakin hanyoyin dutse.

Ba kowa ne ya zo shan iska ba. Kusa da motar da ta fi gida tsada za a ga tsohuwar motar ɗaukar kaya da katifa a ciki, mai ita kuwa ba ta da wani gida a duniya. Bayan rikicin kuɗi na 2008 Amurkawa da yawa sun rasa gidajensu, waɗansu kuma fanshonsu bai kai kuɗin haya ba. A farkon shekarun 2010 wani mutum mai suna Bob Wells ya fara tara irinsu a nan cikin watan Janairu, suna koya wa juna haɗa lantarki da neman aikin wucin gadi. Labarinsu ne fim ɗin Nomadland ya ɗauko, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021. Da hukumar BLM ta kawo shawara a 2024 ta mayar da takardar La Posa dalar Amurka 600, saboda tsadar kwashe shara da samar da ruwa, su ne hankalinsu ya fi tashi. Ga mai hali ƙarin bai wuce kuɗin mai ba. Ga marar hali kuwa shi ne bambanci tsakanin zama wuri ɗaya da tashi duk kwana 14.

A maƙabartar garin akwai wani ƙaramin gini na duwatsu mai siffar dalar Masar, da raƙumin ƙarfe a ƙololuwarsa. Kabarin Haji Ali ne, wani maraƙumi daga ƙasashen daular Usmaniyya, da sojan Amurka suka ɗauko a tsakiyar shekarun 1850 lokacin da suka gwada safara da raƙuma a wannan hamada. Harshensu ya kasa faɗin sunansa, suka mayar da shi Hi Jolly, sunan da ɗaya daga filayen zangon yake ɗauke da shi. Yaƙin basasa na 1861 ya watsa shirin, aka yi gwanjon raƙuman, waɗansu suka bazu cikin daji, shi kuwa ya zauna har ya rasu a nan a 1902. A 1935 aka gina masa wannan alama. Baƙi sukan tsaya a gabanta su ɗauki hoto kafin su kama hanya, don da Maris ta raba, zafi ya fara leƙowa, sai a ga ana naɗe rumfuna, ana tura ƙananan motoci cikin tirela, ayari ya juya arewa. Abin da ke saura a fako shi ne da'irar duwatsun murhu da sawun taya, kuma yawan wannan sawu ne zai nuna ko baɗi za a tarar da ƙofa a buɗe.