Zaman Mota Ba Araha Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in gargaɗi 'yan'uwana ma'aikata. Da aka kai ni aiki Kwangwalam, bakin iyakar ƙasar Daura, sai na sayi tsohuwar mota na tare a ciki don gudun haya. Ashe na yi gudu ban tsira ba. Ruwa sai na saya wurin 'yan garuwa, makewayi sai na roƙi maƙwabta. Da bazara ƙarfe ya ɗau zafi, ba ta kwantuwa sai tsakar dare. Da damina rufi ya yi yoyo, takardun ofis suka jiƙe. Abin da na biya kanikawa cikin wata shida ya fi hayar ɗaki ta shekara. Mai wannan niyya ya fara lissafa batir da tayoyi tukuna.

Naka,
Wani Akawu, Daura.