Ƙahon da ya koma leda

Abin daga dariya ya faro. A darasin Jamusanci malama ta ɗaga jakar cefane ta ce sunanta Tüte. Wasalin ü ɗin irin na "tu" ne na Faransanci, amma kunnen Bahaushe "tutu" ya ji, aji duka ya kwashe da dariya. Ni kuma, da karambanin ɗalibin ilimin harshe, na ce ƙila danginta ɗaya da "tuta" tamu, tunda duk abu ne da iska ke kaɗawa. Malama ta ce: "Kawo hujja." Wallahi ko ɗaya ban da ita. Kunya ta sa na kwana bisa ƙamus.

Ashe ƙaho ne. Kalmar daga Jamusancin arewa ta fito, wanda ake kira Plattdeutsch, inda tute ke nufin ƙahon busa ko abu mai siffarsa. Asalinta kwaikwayon ƙara ne, tuut, shi ya sa har gobe tuten na nufin busa ƙaho. Masu kanti kan naɗe takarda, ƙasa tsini sama faɗi, su zuba ma mai saye kayansa, sai sunan ƙaho ya bi naɗin. Duk wanda ya taɓa sayen gujiya a ƙofar lakkwal ya san wannan naɗi. Daga baya jakar ta yi gindi mai faɗi, ta yi hannu, ta koma roba, sunan bai motsa ba. Tsohuwar siffar ta rage a Schultüte, ƙaton ƙahon kwali cike da alawa da ake ba yaro ranar da ya fara makaranta, al'adar da ta taso a yankunan Sachsen da Thüringen cikin ƙarni na 19. Ƴan Ostiriya kuwa Sackerl suke cewa abinsu.

Abin da ya fi cizona shi ne wadda na tsallake. Tun ina yaro nake cewa "leda" ban taɓa tambayar daga ina ta zo ba. Daga Ingilishi ne, leather, wato fata, ta biyo hanyar Najeriya ta iso mu da Faransa ta mulka. Fata a Jamusanci kuwa Leder ce, tushensu ɗaya da leather, kuma in Bajamushe ya furta ta kusan "leda" za ka ji. Dangantakar da na tafi nema wajen tuta tana rataye a kan babur ɗina, da tattasai a ciki.

Da na koma na faɗa ma malama, sai ta ce in rubuto shi kafin Litinin.